CETO TA ALHERI KO TA AIKI? TARIHIN MAS'ALAR DA TA RABA COCIN TURAI

 



Musabbabin wannan rubutu wata magana ce da wani ɗalibina ya kawo mini da ya dawo hutu daga jami'a. Ya ce abokin ɗakinsa, wanda Kirista ne, ya faɗa masa cewa mutum ba ya tsira da ibadarsa ko sadakarsa, tsira kyauta ce daga Allah. Shi kuwa nan take ya mayar masa da cewa ashe an ba su lasisin aikata saɓo ke nan, suka rabu baram-baram. Na ce masa ya yi gaggawa, domin ya yi raddi ga maganar da bai san asalinta ba. Wannan magana da aka faɗa masa cikin minti ɗaya, Kiristoci da kansu sun shafe fiye da shekara 1,500 suna jayayya a kanta. An kori malamai daga coci saboda ita, an kuma zubar da jini. Adalci shi ne ka fahimci abin da mutum yake nufi kafin ka ba shi amsa, shi ya sa na ga ya dace mu bi tarihinta daga tushe.

ABIN DA SUKE NUFI

Kiristoci masu magana da Hausa suna da kalmominsu a wannan babi. Tsira suna ce mata "ceto", imani "bangaskiya", kyautar Allah wadda mutum bai cancance ta ba kuwa ita ce "alheri". Aƙidar a taƙaice ita ce: kowane ɗan Adam ya gaji zunubi daga Annabi Adamu (AS), don haka duk ƙoƙarinsa ba zai kai shi ga tsarkin da Allah yake so ba. A wajensu mutuwar Almasihu a kan gicciye ce ta biya wannan bashi, wanda ya ba da gaskiya gare shi sai a lissafa shi mai adalci, ko da yake adalcin ba nasa ba ne.

Tushen wannan koyarwa yana cikin wasiƙun Bulus, musamman wadda ya aika wa Romawa da wadda ya aika wa Galatiyawa, waɗanda aka rubuta tsakanin shekara ta 48 da ta 60 Miladiyya. Matsalar da ta taso a lokacin ita ce: waɗanda ba Yahudawa ba da suke shiga sabon addinin, shin wajibi ne su yi kaciya su kuma kiyaye hukunce-hukuncen Attaura? Bulus ya ce ba wajibi ba ne, domin ba da kiyaye shari'a ake samun karɓuwa wurin Allah ba. Sai dai a cikin Sabon Alkawari ɗin nan akwai wasiƙar Yaƙub, wadda ta dage a kan cewa imanin da babu aiki a tare da shi ba shi da rai. Daga waɗannan nassoshi biyu ne kowane ɓangare ya riƙa ɗebo hujjarsa a ƙarnonin da suka biyo baya.

AGUSTIN DA PELAJIYUS

Babbar jayayya ta farko ta faru ne a nahiyarmu ta Afirka. An haifi Agustin a shekara ta 354 a garin Tagaste, wanda a yau ake kira Suƙ Ahras a ƙasar Aljeriya. Ya yi ƙuruciya cikin bin sha'awa, ya sha ƙudurta tuba yana kasawa, har aka yi masa baftisma a birnin Milan a shekara ta 387. Daga baya ya zama bishop na Hippo, wato Annaba ta yanzu. Abin da ya gani a kansa ya sa ya yi imani cewa nufin ɗan Adam ya gurɓace tun daga haihuwa, ba ya iya juyowa ga Allah sai Allah ya fara juyo da shi.

Abokin jayayyarsa Pelajiyus mai zuhudu ne daga Birtaniya wanda ya zauna a birnin Rum. Ya ga manyan gari suna kiran kansu Kiristoci alhali suna holewa, in an yi musu wa'azi su ce ai ɗan Adam mai rauni ne. Wannan ya ɓata masa rai. Ya koyar da cewa Allah ba ya ɗora wa mutum abin da ba zai iya ba, cewa jariri ba ya gadon laifin Adamu, kuma tun da an umarci mutum da nagarta, to yana da ikon aikata ta. Da mayaƙan Alarik suka afka wa Rum a shekara ta 410, Pelajiyus ya riga ya nufi Arewacin Afirka, daga nan ya wuce Falasɗinu. Wani taron bishop-bishop a garin Lidda ya wanke shi a shekara ta 415, amma taron Kartaj, kusa da birnin Tunis na yau, ya hukunta koyarwarsa a shekara ta 418. Agustin ya rasu a shekara ta 430, ra'ayinsa kuwa ya zama ginshiƙi a cocin yammacin Turai.

Mai karatu ya lura da wani abu a nan: mutanen biyu kowannensu wata cuta ya gani ya ji tsoronta. Pelajiyus ya ji tsoron mutumin da zai fake da rauni ya bar aiki, Agustin ya ji tsoron mutumin da zai dogara da aikinsa ya manta da Ubangijinsa.

MARTIN LUTHER DA TAKARDUN RANGWAME

Shekara dubu da 'yan kai suka wuce. A wannan tsakani coci ta riƙe cewa alheri ne tushen ceto, amma ta tsara hanyoyin da mutum zai bi ya same shi: baftisma, furta zunubi gaban limamin coci, kaffara, ziyarar wurare masu tsarki. Ta kuma koyar da cewa ko an yafe zunubi akwai sauran horo da mutum zai sha, a duniya ko a wani wurin tsarkakewa bayan mutuwa, kuma Fafaroma yana da ikon yin rangwamen wannan horo. Sannu a hankali takardun rangwamen suka zama hajar sayarwa.

Martin Luther, wanda aka haifa a Eisleben ta ƙasar Jamus a shekara ta 1483 (ba shi ne Martin Luther King na Amurka ba), ɗalibin shari'a ne. A shekara ta 1505 tsawa ta faɗi kusa da shi a kan hanya, ya firgita ya yi alwashin zama rahibi, ya shiga gidan ruhubanawa mabiya Agustin a Erfurt. Ya yi azumi, ya raya dare, yakan shafe sa'o'i yana furta zunubansa ga malaminsa Staupitz, amma zuciyarsa ba ta natsu ba. Tambayar da ta hana shi barci ita ce: ta yaya zan san na yi abin da ya isa? Ya zama malami a jami'ar Wittenberg a shekara ta 1512, kuma a cikin nazarin wasiƙar Romawa ne ya fahimci cewa adalcin Allah da ake magana a kai kyauta ce da ake bai wa mai bangaskiya, alhali shi a da ya ɗauke shi a matsayin mizanin da za a hukunta shi da shi. Ya ce wannan fahimta ce ta kwance masa ƙullin da ke zuciyarsa.

Ana cikin haka sai Albrecht, babban bishop na Mainz, ya ci bashi mai yawa daga attajiran gidan Fugger na Augsburg domin biyan kuɗin muƙamansa. Fafaroma Leo na 10 ya ba shi izinin sayar da takardun rangwame, a raba kuɗin biyu: rabi a biya bashin, rabi a gina cocin Bitrus da ke Rum. Wani mai wa'azi, Johann Tetzel, ya riƙa zaga garuruwa yana kwaɗaitar da talakawa su sayi takarda domin fitar da iyayensu mamata daga azaba. Ranar 31 ga Oktoba, 1517, Luther ya aika wa Albrecht wasiƙa tare da batutuwa 95 da yake neman a yi muhawara a kansu. Na'urar ɗab'i, wadda ba ta wuce shekara 70 da fitowa a Jamus ba, ta yaɗa su cikin 'yan watanni.

Fafaroma ya aiko da takardar gargaɗi a shekara ta 1520, Luther ya ƙone ta a bainar jama'a, aka kore shi daga coci a watan Janairu na 1521. A watan Afrilu aka gurfanar da shi a birnin Worms gaban sarki Charles na 5, aka nemi ya janye littattafansa, ya ƙi. Sarkin Saksoni, Frederick, ya ɓoye shi a ganuwar Wartburg, inda ya fassara Sabon Alkawari zuwa Jamusanci, aka buga shi a shekara ta 1522. A cikin fassarar, inda Bulus yake cewa da bangaskiya ake samun karɓuwa, Luther ya ƙara kalmar "kaɗai", wadda babu ita a asalin Girkanci, yana mai cewa ma'anar ce ta buƙaci haka. A gabatarwarsa kuma ya rage darajar wasiƙar Yaƙub, ya kwatanta ta da ƙaiƙayi. Abokan hamayyarsa sun daɗe suna riƙe masa waɗannan abubuwa biyu.

To shin Luther ya ce a bar aiki? A'a. Ya koyar da cewa aikin kirki 'ya'yan itace ne, bangaskiya kuwa ita ce bishiyar, kuma bishiya mai kyau dole ta yi 'ya'ya. Da wani almajirinsa, Johann Agricola, ya fara cewa babu buƙatar yi wa Kirista wa'azi da dokokin Allah, Luther da kansa ya tashi ya yi masa raddi mai zafi a ƙarshen shekarun 1530. Ashe zargin da ɗalibina ya yi, an riga an yi shi tun Luther yana da rai, kuma ya ba da amsarsa.

AMSAR KATOLIKA DA ABIN DA YA BIYO BAYA

Cocin Katolika ta kira babban taro a garin Trent, wanda aka yi daga 1545 zuwa 1563. A watan Janairu na 1547 taron ya zartar da cewa alherin Allah ne yake farawa kuma ba wanda ya cancance shi, amma mutum yana da zaɓin karɓa ko ƙi, kuma alherin yana gyara shi a zahiri har ayyukansa su zama masu lada. A shekara ta 1567 Fafaroma Pius na 5 ya haramta haɗa rangwame da kuɗi. A ɗaya ɓangaren, John Calvin na Geneva ya kai ra'ayin Agustin ƙarshensa, ya ce Allah ya riga ya zaɓi waɗanda za a ceta tun azal. Rabuwar ta cakuɗe da siyasar sarakuna, har ta kai ga yaƙin shekara 30, daga 1618 zuwa 1648, wanda ya ɗaiɗaita ƙasar Jamus.

Sai ranar 31 ga Oktoba, 1999, a Augsburg, garin attajiran nan da suka ba da bashin, Cocin Katolika da Tarayyar Cocin Luther ta Duniya suka sa hannu a kan sanarwar haɗin gwiwa. Sun yarda cewa da alheri ake karɓar mutum ba da cancantarsa ba, kuma wanda aka karɓa ana kiransa zuwa ga ayyukan kirki. Mabiya Methodist sun shiga cikinta a 2006. Wannan tarihi bai yi nisa da mu ba, domin mishan daga Denmark sun sauka a Numan a shekara ta 1913, daga aikinsu cocin Luther ta Nijeriya ta samo asali, kuma shugabanta Musa Panti Filibus ya jagoranci tarayyar ta duniya daga 2017 zuwa 2023.

ABIN LURA GA MUSULMI

Inda muka rabu da su a fili yake. Mu ba mu yarda da gadon zunubi ba, domin Annabi Adamu (AS) ya tuba kuma Allah ya karɓi tubarsa, ba wanda ake kamawa da laifin wani, Annabi Isa (AS) kuwa ba a gicciye shi ba. Gafara a wurinmu tana samuwa da tuba kai tsaye zuwa ga Allah, babu fansar jini a tsakani. Wannan ne ainihin wurin tattaunawa da Kirista.

Amma cewa aikin mutum shi kaɗai ba ya shigar da shi Aljanna, wannan kada ka yi saurin musawa. Ya inganta a cikin Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya sanar da sahabbansa haka, bai ma cire kansa ba sai da rahamar Allah, sannan ya umarce su da su dage su kamanta daidai. Malaman Sunna sun haɗa wannan da ayoyin da suka jingina shiga Aljanna ga aiki, suka ce aiki sababi ne, ba farashi ba ne. Mu ma a tarihinmu an sami Khawarij da suka kafirta mai babban zunubi, da Murji'a da suka raina matsayin aiki, ko da yake tushen saɓaninsu daban ne da na Turai.

Saboda haka, ɗan uwa, in ka idar da sallarka kada ka ji kamar kana bin Allah bashi, in kuma ka tuna yalwar rahamarsa kada ka mayar da ita matashin kai. Ga ɗalibina kuwa, shawarar da na ba shi ita ce ya koma ya nemi afuwar abokinsa a kan zargin da ya yi masa, sannan ya tambaye shi cikin ladabi ina hujjar gadon zunubi.

Allah ya sa mu dace, ya lulluɓe mu da rahamarsa. Wallahu a'alam.