Ajilari a Maiduguri: Yadda jari da ƙwadago suka raba jama'a hawa-hawa

Ajilari unguwa ce da ke yammacin birnin Maiduguri, babban birnin Jihar Borno, kusa da filin jirgin sama, tana maƙwabtaka da Gomari da Bulumkutu. Sashenta da ya fi shahara shi ne Ajilari Cross, wanda ya samo sunansa daga mararrabar hanya da layin dogo. Galibin 'yan Najeriya sun san sunan unguwar ne ta labaran hare-hare, amma tarihinta da sana'o'in mazaunanta suna bayyana wani al'amari da ya shafi ƙasar baki ɗaya: yadda mallakar jari, ko rashinsa, ke tsara wanda zai kwashi riba da wanda zai ɗauki kasada.

Ma'anar kalmomi

Jari-hujja tsarin tattalin arziki ne da ɗaiɗaikun mutane da kamfanoni suke mallakar hanyoyin samar da dukiya, kamar fili da injina da motoci da kuɗin juyawa, suna ɗaukar wasu aiki domin samun riba. Wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, abin da ya rage masa ya sayar shi ne ƙarfinsa da lokacinsa, wato ƙwadago. Karl Marx, a littafinsa Das Kapital da aka fara bugawa a 1867, ya yi bayanin cewa riba tana fitowa ne daga ratar da ke tsakanin darajar abin da ma'aikaci ya samar da ladan da aka biya shi. Masu kare tsarin kuwa suna cewa mai jari ya cancanci riba saboda shi ya zuba dukiyarsa, kuma shi zai yi asara idan kasuwa ta faɗi.

Hausa ta daɗe da kalmomin wannan rarrabuwa: masu sarauta, attajirai, malamai, ma'aikata, talakawa. Karin maganar nan ta "kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi" ta taƙaita ƙorafin ɗan ƙwadago tun kafin a fara karanta littattafan tattalin arziki a ƙasar nan.

Tushen rarrabuwar a Borno

A Daular Borno matsayin mutum ya danganta ne da kusancinsa da fadar Shehu. Akwai masu riƙe da sarauta da ke karɓar haraji daga garuruwan da aka ba su, akwai malamai da fatake, akwai talakawa manoma da makiyaya, sannan akwai bayi. Masanin halayyar al'umma Ronald Cohen, a littafinsa kan Kanuri na 1967, ya nuna muhimmancin alaƙar ubangida da yaronsa a wannan al'umma: ƙarami yana ba da biyayya da hidima, babba yana ba da kariya da abin masarufi.

Turawan mulkin mallaka sun kafa Maiduguri ta yanzu a 1907, lokacin da Shehu Abubakar Garbai ya tare a Yerwa. Sun shigo da haraji na tsabar kuɗi, wanda ya tilasta wa manomi ya sayar da gyada ko fata, ko kuma ya tafi aikin lada. Bauta ba ta ƙare a hukumance a Arewacin Najeriya ba sai 1936. Birnin kansa an shata shi ne bisa matsayi, inda aka keɓe unguwar GRA mai faffadan filaye ga manyan jami'ai, sauran jama'a kuma suka taru a tsofaffin unguwanni da bayan gari.

Wannan bambanci ya shiga siyasa tun kafin samun 'yanci. Jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950 ta gina manufarta kan saɓanin da ke tsakanin talakawa da masu mulkin En'e. A Borno, ƙungiyar Borno Youth Movement, wadda Ibrahim Imam ya yi fice a cikinta a shekarun 1950, ta ɗauki irin wannan murya.

Layin dogo da bunƙasar gefen birni

Layin dogon da aka miƙo daga Kuru kusa da Jos, ya bi ta Bauchi da Gombe, ya iso Maiduguri a 1964. Bayan shekara uku birnin ya zama hedkwatar Jihar Arewa maso Gabas, aka buɗe jami'a a 1975, aka kuma ƙirƙiri Jihar Borno a 1976. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya jawo masu neman aiki: leburorin gini, 'yan dako, masu gadi, direbobi da 'yan cirani. Da yake haya a tsakiyar gari ta fi ƙarfinsu, sai suka riƙa sauka a gefen birni inda fili ke da araha. Ajilari da maƙwabtanta suna cikin unguwannin da suka cika da irin waɗannan mutane.

Farin shekarun 1970 da 1980 ya ƙara yawan masu shigowa. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya ƙanƙance ƙwarai, ya bar masunta da manoma da makiyaya da yawa ba madafa. Tarzomar mabiya Maitatsine da ta ɓarke a Bulumkutu a watan Oktoba na 1982 ta faru ne a wannan yanki na birnin, kuma masana irin su Paul Lubeck sun alaƙanta yunƙurin Maitatsine da halin gardawa da baƙin ƙauye da arzikin man fetur ya tsallake. Shirin gyaran tattalin arziki na SAP da aka fara a 1986 ya karya darajar Naira, ya kuma rage ayyukan gwamnati da na masana'antu. Jirgin ƙasan da ya ba Ajilari Cross sunanta ma ya daɗe da daina zuwa Maiduguri.

A daidai wannan zamani birnin ya fitar da manyan attajirai. Marigayi Alhaji Mai Deribe, wanda ya rasu a 2002, ya gina katafaren gidan da ya karɓi baƙuncin Yarima Charles da Gimbiya Diana na Ingila a 1990. Alhaji Mohammed Indimi ya kafa kamfanin mai na Oriental Energy Resources. Dukiya irin wannan ta fito ne daga man fetur da kwangila da babban kasuwanci, sassan da ke tara kuɗi mai yawa amma ba sa ɗaukar ma'aikata gwargwadon yawan jama'a.

Yadda ake cin abinci a unguwa irin Ajilari

Mafi yawan magidanta a irin wannan unguwa suna rayuwa ne hannu baka hannu ƙwarya, kuma kusan kowace sana'a tana da mai kaya da mai wahala.

Bayan da gwamnatin jiha ta haramta hawa babur a Maiduguri a watan Yuli na 2011 saboda tsaro, Keke Napep ya maye gurbin acaɓa. Direbobi da yawa ba su ne masu keken ba. Wasu suna kai wa mai shi balas kowace yamma, wasu kuma sun karɓa ne bisa yarjejeniyar biya kaɗan-kaɗan a kan farashin da ya ɗara na kasuwa. Kuɗin mai da tikitin ƙungiya da ƙananan gyare-gyare galibi suna wuyan direba. Ranar da ba fasinja, balas bai ragu ba.

Ɗan ga-ruwa yana sayen ruwa a wurin mai rijiyar burtsatse, sau da yawa kurar da yake turawa da jarkokin ma na haya ne. Leburan gini ana biyansa ne kullum, ranar da ya kwanta ciwo ba shi da komai. Mata da 'yan mata da yawa, musamman waɗanda rikici ya koro daga Bama da kewaye, suna ɗinkin hula: dillali ya kawo yadi da zare, mace ta shafe makonni tana aiki a kan hula guda, a biya ta ladan hannu, babbar ribar kuma ta tafi ga wanda ya kai hular kasuwannin Kano ko Abuja.

Abin da ya haɗa waɗannan sana'o'i shi ne babu takardar ɗaukar aiki, babu hutun rashin lafiya, babu fansho. Abin dogaro shi ne adashi, da dangi, da zakka, da alherin ubangida.

Rikici da rabon kasada

Rikicin Boko Haram da ya ɓarke a Maiduguri a watan Yuli na 2009 ya taɓa kowa, sai dai nauyinsa bai sauka daidai a kan kowa ba. A ranar Asabar 1 ga Maris, 2014, bama-bamai biyu sun tashi a yankin Ajilari da Gomari, suka hallaka mutum fiye da 50. A ranar 20 ga Satumba, 2015, wasu jerin bama-bamai sun tashi a Ajilari Cross da kewaye, ciki har da masallaci da gidan kallon ƙwallo. 'Yan sanda sun ce mutum 54 suka mutu, mazauna kuma suka ce adadin ya zarce haka. Wuraren da aka kai wa hari wuraren taruwar talaka ne, waɗanda ba su da katanga ko mai gadi. Masu hali sun iya kwashe iyalansu zuwa Abuja ko Kano. Mai neman na yau ba shi da wannan zaɓi.

Rikicin ya kuma sauya kasuwar ƙwadago. Dubban ɗaruruwan 'yan gudun hijira sun kwararo Maiduguri, akasarinsu suka zauna cikin unguwanni a gidajen dangi ko na haya. Manomin da yake da gonarsa a ƙauye ya wayi gari lebura a birni. Hannaye suka yi yawa, aiki ya yi kaɗan, lada ya faɗi. A ɗaya ɓangaren, zuwan ƙungiyoyin agaji na ƙasa da ƙasa ya ɗaga kuɗin hayar manyan gidaje da otal-otal, ya amfani masu gine-gine da 'yan kwangila da masu takardun ilimi.

Yunwa ta riƙa tura marasa jari zuwa inda mutuwa take. Masu yin itace da masu tsintar ƙarafa sun sha rasa rayukansu a dazuzzukan da ke kewaye da garuruwa, har Gwamna Babagana Umara Zulum ya haramta sana'ar gwangwan a jihar a watan Yuli na 2023. A ranar 28 ga Nuwamba, 2020, an yi wa masu girbin shinkafa yankan rago a Koshebe kusa da Zabarmari a Ƙaramar Hukumar Jere. An yi jana'izar 43 washegari, kuma rahotanni sun nuna da yawansu 'yan ƙwadago ne da suka zo daga nesa, har daga Jihar Sakkwato.

Lalata turakun lantarkin da ke kawo wuta daga Damaturu a watan Janairu na 2021 ya jefa birnin cikin duhu na tsawon watanni. Mai kuɗi ya sayi janareta ko sola, tela da mai walda da mai niƙa kuwa suka rasa aiki. An ƙaddamar da tashar lantarki mai aiki da iskar gas, mai ƙarfin megawat 50, a watan Maris na 2023. Gobarar Kasuwar Monday a watan Fabrairu na 2023 da ambaliyar da fashewar madatsar ruwa ta Alau ta haddasa ranar 10 ga Satumba, 2024 sun cinye jarin dubban ƙananan 'yan kasuwa, tare da abincin 'yan dako da yaran shago da ke ci a ƙarƙashinsu.

Abin da alƙaluma da doka suka ce

Binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, na 2018 zuwa 2019 ya nuna kashi 40.1 cikin 100 na 'yan Najeriya, kimanin mutum miliyan 82.9, suna rayuwa ƙasa da Naira 137,430 a shekara. Wannan adadi bai haɗa da Borno ba, domin rashin tsaro ya hana a kai ga sassa da yawa na jihar. Rahoton hukumar na 2022, wanda ya auna talauci ta fuskar lafiya da ilimi da muhalli da aiki, ya ce mutum miliyan 133 ne matalauta, wato kashi 63 cikin 100, kuma kashi 65 cikin 100 nasu suna Arewa. Ƙungiyar Oxfam a rahotonta na 2017 ta ƙiyasta dukiyar attajiran Najeriya biyar mafi arziki a kan dala biliyan 29.9.

Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga Naira 18,000 a 2011 zuwa 30,000 a 2019, sannan 70,000 a watan Yuli na 2024, bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023 ya ɗaga farashin sufuri da abinci. Sai dai dokar ta keɓe wuraren aikin da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, da masu aikin kamasho ko jinga, da masu aikin gona na lokaci-lokaci. Binciken NBS na 2024 kuma ya nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a ƙasar suna sashen da ba shi da rajista. Ma'anar wannan ita ce direban keke da ɗan ga-ruwa da mai ɗinkin hula a Ajilari suna sayen abinci a sabon farashi, amma ƙarin albashin da Ƙungiyar Ƙwadago ta NLC ta yi gwagwarmaya a kansa bai shafe su kai tsaye ba.

Matakan hukuma

An kafa Hukumar Raya Arewa maso Gabas, NEDC, da dokar 2017, hedkwatarta na Maiduguri. Hukumar Fansho ta Ƙasa ta ƙaddamar da tsarin ƙaramin fansho ga masu sana'ar hannu a 2019. Gwamnatin Borno ta gina manyan makarantu domin marayu da 'ya'yan marasa ƙarfi, ta samar da motocin haya masu rangwame, ta kuma rufe sansanonin 'yan gudun hijira na cikin Maiduguri daga 2021 domin mayar da mutane garuruwansu. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun soki wannan mataki na ƙarshe, suna cewa wasu sun bar sansani ba tare da hanyar samun abinci ba.

Rabon kayan abinci da tallafin kuɗi suna rage raɗaɗi, amma matsayin ɗan ƙwadago yana sauyawa ne idan ya mallaki abin da yake aiki da shi, ko doka ta kare ladansa. Saboda haka ma'aunin ci gaba a unguwa irin Ajilari a bayyane yake: yawan direbobin da keken ya zama nasu, yawan manoman da suka koma gonakinsu cikin aminci, samun bashi mai sauƙi da wutar lantarki mai ɗorewa ga masu sana'a, da kuma yawan yaran da suka kammala makaranta maimakon shiga dako tun suna ƙanana.