Munduwa da Laya: Tarihin Abin da Muke Ɗaurawa a Hannu



Duk wanda ya je suna a zangonmu ya san abin da ake gani a hannun jariri: wani zare, wani ɗan ƙarfe, wani kuma 'yar laya da kaka ta ɗaura. A kan haka ne gardama kan tashi a gida, ɗalibi ya ce shirka ce, kaka ta ce haka ta tarar. To kafin a ɗaga murya, ya kamata mu san inda waɗannan abubuwa suka fito.

Bahaushe ya bambanta su da sunaye. Munduwa da awarwaro ado ne na mata, aikin maƙeran fari. Laya takarda ce da malami ya rubuta, aka naɗe, baduku ya ɗinke ta da fata. Kambu a damtse ake sa shi, guru kuwa a ƙugu. Ƙarfen ado daban, rubutun tsari daban, amma tarihi ya sha haɗa su a hannu ɗaya.

Mu fara da munduwa. A zamanin da, alama ce ta mulki da dukiya. Suratuz Zukhruf ta ba mu labarin yadda Fir'auna ya raina Annabi Musa (AS) don ba shi da mundayen zinariya, wato a idonsa ba shi da shaidar sarauta. Malaman tarihi kuma sun kawo labarin Suraƙa ɗan Malik, wanda ya bi sawun Manzon Allah (SAW) ranar hijira, aka yi masa bushara da mundayen Kisra sarkin Farisa. Da aka ci Farisa a zamanin Sayyidina Umar, aka kawo ganima Madina, sai Umar ya kira Suraƙa ya sa masa su.

A ƙasashenmu munduwa har kuɗi ta zama. Turawan Fotugal da suka gina ganuwar Elmina a 1482 sun riƙa kawo mundayen tagulla da jan ƙarfe, waɗanda suke kira manila, suna musaya da zinariya. Daga baya da irinsu aka sayi bayi a bakin teku, masana'antun Birmingham a Ingila suna ƙera su tuli. A kudu maso gabashin Nijeriya an ci gaba da ciniki da su har gwamnatin mulkin mallaka ta janye su tsakanin 1948 da 1949, inda ta tattara sama da miliyan 32. A arewa kuwa, maƙeran Agadas da Kano sun riƙa narka dalar azurfa mai hoton Mariya Tereza, wadda ke ɗauke da shekarar 1780, suna yi wa mata mundaye. Ga iyayenmu mata munduwa asusu ce: ranar biki ado, ranar da gari ya yi zafi a kai ta kasuwa. Shi ya sa fiƙihu ya yi magana a kanta. A mazhabar Maliki babu zakka a kayan adon da mace ke sawa, Hanafiyya kuwa suka ce akwai.

Sai laya. Tarihinta a nan Kumasi yana haɗe da tarihin zaman Musulmi a garin. Fataken goro da malamai daga Gonja, Dagomba, Mamprusi da ƙasar Hausa sun zauna a ƙarƙashin sarakunan Asante waɗanda ba Musulmi ba ne, kuma babban abin da fada ke nema wurinsu shi ne alƙalami. Bature Bowdich, da ya zo Kumasi a 1817 zamanin Sarki Osei Bonsu, ya ga sarakunan yaƙi sanye da riguna cike da layu, wasu an lulluɓe su da zinariya da azurfa. Ya ruwaito cewa an biya kimar bayi talatin a kan riga ɗaya irin wannan. Dupuis, da ya biyo baya a 1820, shi ma ya ga irin kusancin malamai da sarki. Har yau Asantehene yana da babbar rigar layu da ake kira batakari kese, wadda yake sawa a manyan lokuta na sarauta.

Akwai shaida a rubuce. A ɗakin karatu na masarautar Denmark da ke Kopenhagen akwai ɗaruruwan takardun Larabci daga Asante, waɗanda masana tarihi suka danganta da yaƙin Katamanso na 1826, inda aka karya rundunar Sarki Osei Yaw Akoto kusa da Dodowa. Mafi yawansu layu ne da hatimai da bayanin yadda ake haɗa su, sai wasiƙu kaɗan. Abin lura a nan biyu ne. Da wannan rubutu kakanninmu suka sami aminci da wurin zama a ƙasar da ba tasu ba. Amma kuma ana kyautata zaton cewa takardun nan a filin da aka sha kashi aka tsinto su. Ba su hana ƙaddara ba.

Laya ta ƙetare teku ma. A watan Janairu na 1835, cikin azumin Ramadan, bayi Musulmi suka yi tawaye a birnin Salvador na Bahia a Barazil. Yawancinsu Yarabawa ne, da wasu Hausawa. An sami layu a jikin waɗanda aka kashe, hukuma kuma ta kira wani bawa Bahaushe ya karanta mata. A ciki akwai ayoyi da addu'o'i. Ga mutumin da aka raba da gida da masallaci, 'yar takardar nan ita ce abin da ya rage masa na makarantar allo.

To mene ne hukunci? Saɓanin ya girme mu. An ruwaito cewa Abdullahi ɗan Mas'ud da almajiransa sun ƙi rataya kowace irin laya, ko da ta Alƙur'ani ce. An kuma ruwaito cewa Abdullahi ɗan Amr yakan rubuta addu'ar tsari ya rataya wa 'ya'yansa ƙanana da ba su iya haddacewa ba. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda muke karantawa a zaure, ta sauƙaƙa a kan wadda ke ɗauke da Alƙur'ani. Waɗanda suka hana sun ce a toshe ƙofa, kada zuciya ta rataya ga takarda, kada kuma a shiga banɗaki da sunan Allah. Kowane ɓangare yana da magabata.

Amma akwai inda suka haɗu. Layar da ke da sunayen aljanu, ko rubutun da ba a san ma'anarsa ba, ko ƙashi da farce da gashi, babu malamin kirki da ya halatta ta. Hatimai masu gidaje da lambobi, irin na littafin Shamsul Ma'arif da ake jingina wa al-Buni, malamai da yawa sun yi gargaɗi a kansu. Haka nan imanin cewa ƙarfe ko zare da kansa yana kore cuta. Imamu Ahmad da Ibn Majah sun kawo hadisin Imrana ɗan Husaini, kan mutumin da ya sa zoben tagulla a hannu don maganin wani ciwo, Annabi (SAW) ya umarce shi ya cire. Kun ga yadda munduwa ke rikiɗa ta koma laya: niyya ce ta canza, ƙarfen yana nan yadda yake. Mu tuna da wannan idan mai talla a Kejetia ya miƙo mana munduwar jan ƙarfe ko ta maganaɗisu wai maganin sanyin ƙashi ko hawan jini.

Matsalar laya a yau ita ce a ɗinke take zuwa. Wani dattijo a cikinmu ya taɓa farke wadda ya saya da tsada ya kuma yi shekaru yana sawa, sai ya tarar da guntun jarida a ciki. Wallahi da dariya ya ba mu labarin, amma idonsa bai yi dariya ba. Wanda ya bi malaman da suka halatta, to ya san abin da aka rubuta da wanda ya rubuta. Jariri mai zazzaɓi kuma a kai shi asibiti, a haɗa da addu'a, kada a zauna ana jiran zare ya yi aiki.

Ku kuma ɗalibai, idan kun ga laya a hannun ƙanenku, kada ku fizge ta a gaban kaka. Ƙauna ce ta sa ta ɗaura, kuma wataƙila ta binne 'ya'ya kafin a haife ku. Ku zauna kusa da ita, ku ce: "Kaka, mu riƙa tofa masa Falaƙi da Nasi safe da yamma, ni da ke." A kan wannan tsarin babu malamin da ya yi saɓani.

Allah Ya tsare mu da zuriyarmu, Ya jiƙan magabatanmu. Wallahu a'alamu.