Yadda Takalmi Ya Zama Magani

Takalmi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Wani matafiyi da ya girma a birnin Fas, Alhasan ɗan Muhammadu Alwazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya rubuta labarin ƙasashen Sudan, aka buga littafinsa a Italiya cikin shekara ta 1550. A ciki ya ambaci dukawan Gobir, ya ce takalman da su ke ɗinkawa har Tambutu da Gawo a ke kai su. Bayan wannan da shekara 300, watau cikin 1851, Bajamushen nan Dakta Barth, wanda ya yi yawo a ƙasarmu da sunan Abdulkarim, ya sauka Kano. Ya ga in an ɗebe saƙa da rini, takalma da jemammun fatu su ne kan gaba cikin abin da Kanawa ke yi da hannunsu su sayar nesa. Ya ƙiyasta cinikin takalma kaɗai ya kai wuri miliyan 10, alhali kuwa wanda ya fi kowane tsada wuri 200 ne. Mai karatu ya buga lissafin da kansa, zai ga ko da a ce duk masu tsadar ne, ƙafa 50,000 ke nan.

Amma duk da wannan yalwa, yaro ba ya cikin masu rabo. Takalmi kayan manya ne, kayan fatake da malamai da masu sarauta. Babba ma ya kan tuɓe nasa in zai gai da wanda ya fi shi, balle yaro, wanda duk inda ya juya manya zai gani. Ga shi kuma ƙafar yaro ba ta tsayawa wuri guda, abin da aka ɗinka masa da kaka kafin wata kakar ya matse shi. Saboda haka ɗan makarantar allo, da ɗan makarantar boko na farkon zamani, galibi da ƙafarsu su ke taka ƙasa rani da damina, in ƙaya ta soke su a cire, in faso ya tsaga diddige a shafa man kaɗanya. Ba mu da bakin zargin iyayen wancan zamani. A lokacin da Barth ya ke ƙirga takalman Kano, babu likita ko ɗaya a duniya da ya san akwai cutar da ke shiga mutum ta tafin ƙafa ta shanye masa jini. Labarin yadda aka gane wannan shi ne za mu bayar.

Akwai wata cuta da aka daɗe da saninta a ƙasashe masu zafi da laima. Mai ita ya kan rame, tafin hannunsa da cikin idonsa su yi fari fat, in ya yi tafiya kaɗan ya dinga haki, wani lokaci ƙafafunsa da fuskarsa su kumbura, har ya riƙa marmarin cin ƙasa. In yaro ne sai ya tsumbure, ya yi ta gyangyaɗi wurin karatu. Cikin 1838 wani likitan Italiya, Angelo Dubini, yana binciken gawar wata mace a birnin Milan, sai ya tarad da waɗansu 'yan tsutsotsi maƙale a hanjinta. Tsawon kowace bai kai rabin inci ba, kanta a lanƙwashe kamar ƙugiya, bakinta kuwa da 'yan haƙora. Ya rubuta bayaninta, amma mutane ba su kula ƙwarai ba, don tsutsar ciki iri iri ce.

Abin da ya sa aka kula shi ne wani babban aiki da aka fara cikin 1872 a ƙasar Suwizalan. An so a huda wani tsauni mai suna Gotthard domin jirgin ƙasa ya ratsa ta cikinsa, ramin kuwa tsawonsa ya kai mil 9. Yawancin leburorin mutanen Italiya ne. Cikin ramin akwai zafi ƙwarai, ruwa yana ɗiga ko'ina, ba a kuwa tanadi wurin zagawa na kirki ba, kowa ya matsu sai ya tsuguna a gefe. Leburori suka yi shekaru suna cuɗa wannan taɓo da ƙafafunsu. Cikin 1880 cutar ta fashe a tsakaninsu, ƙarti majiya ƙarfi suka koma kamar majinyatan shekara goma, waɗansu suka mutu. Wani malami na birnin Turin, Edoardo Perroncito, ya duba bayan gidansu da madubin likita, ya iske ƙwan tsutsar nan ta Dubini birjik. Daga nan aka tabbata ita ce ke shan jinin. Sai dai kowa ya ɗauka ta baki ta ke shiga, ta ruwan sha ko ta hannu mai dauɗa. Wannan zato yana da ƙamshin gaskiya, gama irin tsutsar da ke Turai ta kan iya shiga ta baki. Amma babbar ƙofarta tana wani wuri dabam.

Wanda Allah ya nufa da gano ƙofar shi ne Arthur Looss, Bajamushe, malami a makarantar likitoci ta Alƙahira. Ran nan yana ɗura wa waɗansu 'yan dabbobin gwaji ruwan da ke cike da 'ya'yan tsutsar, sai ɗigo guda ya faɗa masa a hannu. Bai damu ba. Jim kaɗan wurin ya yi ja, ya kama ƙaiƙayi kamar an goga masa ƙaiƙayin gero. Wani mutum da sai ya sosa ya wuce, amma shi sai ya tsaya yana tunani. Ya sake ɗiga ruwan da gangan, ya bari ya bushe, ya kankare wurin ya duba da madubi. Bai ga tsutsotsin ba, sai 'yan ɓawon jikinsu da suka tuɓe suka bari a waje. Da aka yi makonni ya duba bayan gidansa, ga ƙwai nan, shi kuwa ya san bai haɗiyi kome ba. Cikin 1898 ya ba da labarin abin da ya gani.

Abokan aikinsa da yawa ba su yarda ba. Suka ce ƙaƙa abin da ya shiga ta fata zai kai hanji? Looss ya yi shekaru yana biye da sawun tsutsar. Har ya taɓa shafa ruwan a ƙafar wani yaro wadda likitoci za su yanke saboda wata cuta dabam, da aka yanke ya bincika, ya same su sun nutse cikin fata. A ƙa'idar likitanci ta yau irin wannan gwaji ba ya halatta sai da yardar majinyaci da iyayensa. Sauran binciken a jikin karnuka ya yi shi, ya kuwa gano hanyar tun daga farko har ƙarshe. Mai cutar ya yi bayan gida a fili, ƙwai su bi, gama mace guda ta kan saka dubbai kowace rana. In ƙasar tana da laima da inuwa, cikin kwana ɗaya ko biyu su ƙyanƙyashe, bayan kamar mako guda su isa kama mutum. In an taka su da ƙafa tsirara su huda fata, galibi ta tsakanin yatsu, su shiga jini, jini ya kai su zuciya, zuciya ta tura su huhu. Daga huhu su hauro maƙogwaro, mutum ya haɗiye su da miyau bai sani ba, su sauka hanji su kafa haƙora. A nan su kan zauna shekaru. Ka ji tafiyar da ta fi ta fataken Gwanja wuya, a jikin yaro guda!

Inda wannan ilmi ya fara taɓa 'yan makaranta shi ne kudancin Amurka. A can akwai talakawa manoman auduga, farare da baƙaƙe, waɗanda aka yi wa shaidar lalaci. Cikin 1902 wani masanin dabbobi na gwamnati, Charles Stiles, ya nuna jikinsu cike ya ke da wata 'yar'uwar tsutsar Dubini, bayan haka ya sa mata suna da Latin mai ma'anar makashiyar Amurka. Daga baya aka ga irinta ce ta fi yawa a Afirka, masana da yawa kuwa suna ganin cikin hanjin bayin da aka kwasa ta haye teku. Jaridu suka mai da abin ba'a, suka ce an gano ƙwayar cutar lalaci. Mutanen kudu suka ji haushi, Stiles ya yi shekaru yana magana ba mai saurare.

Cikin 1909, shekarar da Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano, attajirin man fetur John Rockefeller ya ba da dala miliyan 1 domin a yaƙi cutar a jihohi 11. Likitoci suka bazu ƙauyuka. Su kan kafa rumfa a makaranta ko a ƙofar kotu, a girka madubi, kowa ya kawo ɗan bayan gidansa cikin gwangwani, a bar shi ya leƙa ya ga ƙwan da idonsa. Wannan dabara ta fi wa'azi dubu, don wanda ya gani ba ya musu. Daga 1910 zuwa 1914 an duba mutum fiye da miliyan 1, an ba wajen 440,000 magani. Cikin 'yan makarantar da aka duba, kusan 40 cikin kowane 100 suna da tsutsar. Maganin wancan zamani, timol, yana da haɗari. Sai an sha wani gishiri mai wanke ciki kafinsa da bayansa, wanda kuwa ya haɗa shi da giya ko maiƙo yana iya halaka.

Bayan magani, abu biyu likitocin suka nace a kai: a haƙa salga, a sa wa yara takalmi. Malaman makaranta suka shiga koyar da wannan a aji, yara su kai labari gida. Maganar takalmin ta jawo tsegumi, har aka baza jita-jita wai Rockefeller cinikin takalma zai shiga, shi ya sa ya ke tsoratad da mutane. Abin dariya ne, amma akwai dalili a ƙarƙashinsa. Manomin da ke da 'ya'ya takwas, in an ce ya saya wa kowa takalmi, an taɓa masa rumbu. Hukumar ta rufe aikinta a ƙarshen 1914 ba ta ƙare cutar ba, ta dai rage ta. Ba ta ja da baya sosai ba sai da mutane suka sami abin hannu, gidaje suka sami masai, takalmi ya yi araha. A ganina salgar ta fi takalmin muhimmanci, gama yaron da ya sa takalmi ya kan zauna a ƙasa, ya kan tona ta da hannu. Takalmi ƙofa guda ya ke tsarewa, salga kuwa ita ke hana ɓarawon shigowa gari.

Arahar takalmi ita ma tana da tarihinta. Cikin 1894 wani ɗan baduku mai suna Tomas Bata ya kafa masana'anta tare da 'yan'uwansa a garin Zlin, wanda yanzu ke ƙasar Cek. Da fata ta yi masa tsada sai ya koma ɗinka saman takalmi da zane mai kauri, ya kuma sa injuna, farashi ya faɗi. Kamfanin Bata ya iso Nijeriya cikin shekarun 1930, daga baya takalmansa suka zama na 'yan makaranta a garuruwa da yawa. Masu sana'a na gida kuma suka koyi yanka tsohuwar tayar mota su yi fade da ita, sa'an nan na roba ya zo ya fi kowane sauƙi. Kowannensu ya zo da nasa aibin. Rufaffen takalmin roba ya kan tara gumi, tsakanin yatsu ya yi fari ya tsage, abin da mu ke kira cin ruwa, maganinsa na farko kuwa a wanke ƙafa da sabulu a tsane ta sarai, a shanya takalmin a rana. Wanda ya matse ya kan tanƙware yatsun yaro ya fid da kanta, shi ya sa a ke barin sarari kamar faɗin babban yatsa a gaba in za a saya.

Kada mai karatu ya ɗauka duk ciwon da ya fito a ƙafa ta ƙafa ya shiga. Kurkunu, wanda ya kan kwantad da yara da manoma wata da watanni, a ƙafa ya ke ɓullowa, amma ta ruwan tafki a ke shansa, ko takalmin ƙarfe ba ya hana shi. Ƙidayar 1988 ta sami masu shi fiye da 650,000 a Nijeriya. Da tace ruwa da haƙa rijiyoyi aka ci ƙarfinsa, aka ga na ƙarshe cikin 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida ya ƙare cikin 2013.

Tsutsa mai ƙugiya kuwa ba ta ƙare ba. Zafin rani da busasshiyar ƙasa su kan kashe 'ya'yanta, saboda haka a nan Arewa damina ce lokacinta, fadama da bayan gari kuma su ne mazauninta. Cikin 2001 ƙasashen da ke cikin Hukumar Lafiya ta Duniya suka yi shawara a riƙa bin 'yan makaranta har aji ana ba su maganin tsutsa. Maganin yanzu ƙwaya guda ce da a ke taunawa, ba shi da haɗarin timol. Yana kashe tsutsar da ke ciki, amma ba ya hana wata sabuwa shiga in yaro ya koma ya taka inda ya taka da, shi ya sa a ke maimaita shi sau ɗaya ko sau biyu kowace shekara.