Yadda Bagaruwa Ta Rasa Sunanta a Littattafan Masana

Maƙalarmu ta wannan mako a kan dangin bagaruwa ce.

Bagaruwa da gawo da ɗorawa da dakwara 'yan ɗaki ɗaya ne a babban gidan su wake da gyaɗa. Masana tsirrai sun daɗe suna kiran wannan ɗaki Mimosoideae. Kamanninsu ne suka haɗa su. Ganyensu yakan rabu sau biyu: kara ya fitar da ƙananan rassa, kowane reshe ya jera mitsi-mitsin ganye dama da hagu. Furanninsu ƙanana ne ainun, sai su taru su dunƙule, kamar rawayan ƙwallon bagaruwa da jan tuntun ɗorawa, ko su yi zangarniya irin ta gawo. Siraran zaren da ke ɗauke da garin fure su ne adon, kuma irin yana kwance cikin kwanso kamar wake.

Sunayensu na Latin kuwa tarihi ne. A 1753 Linnaeus ya kira bagaruwa Mimosa nilotica, daga baya aka mayar da ita Acacia. A 1826 Robert Brown ya raɗa wa jinsin ɗorawa Parkia don tunawa da Mungo Park, wanda ya mutu a kogin Kwara. A 1934 Auguste Chevalier ya sa wa gawo Faidherbia, sunan gwamnan mulkin mallakar Faransa a Senegal.

Da bincike ya nuna cewa itatuwan da ake kira Acacia ba zuriya ɗaya ba ne, sai rigima ta tashi: wa zai riƙe sunan? Taron masana na Vienna a 2005 ya bar wa Ostareliya, mai kusan nau'i 1,000, taron Melbourne na 2011 ya tabbatar, duk da ƙorafin masana da dama. Bagaruwa ta koma Vachellia, dakwara mai ƙaro ta koma Senegalia. A 2017 aka sake raba gidan wake zuwa ɗaki 6, aka shigar da Mimosoideae cikin Caesalpinioideae.

Duk wannan sauyi, majemi bai daina cewa bagaruwa ba, mai daddawa ba ta daina cewa ɗorawa ba. Haɗarin yana ga alƙalaminmu. Ranar da muka koma rubuta "wata bishiya" kawai, sunan da taron Vienna bai iya taɓawa ba mu ne za mu binne shi.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.