TARIHIN TEBUR MAI BAKIN HALITTA

Yau zan ɗan jingine ƙagaggen labari in ba ku tarihin wani tebur, wanda na tabbata da yawanku kun sha cin karo da hotonsa a intanet. Shi ne teburin nan da ake yi da falankin katako mai kauri, a goge samansa ya yi sumul, amma a bar gefensa yadda itacen ya tsiro, da lanƙwasarsa da ƙullinsa har da tsagarsa. Ni dai na laƙaba masa suna tebur mai bakin halitta. Attajirai na sayensa da tsada, masu ƙaramin ƙarfi na haɗa nasu a gida, sai dai kaɗan ne suka san cewa wanda ya sa duniya ta san shi, a tsare ya ƙware a aikin, ba tare da ya aikata laifin komai ba.

Sunansa George Nakashima. An haife shi a shekarar 1905 a garin Spokane na jihar Washinton a Amurka, iyayensa kuwa 'yan ci-rani ne daga Japan. Zanen gine-gine ya karanta, har ya sami digiri na biyu a 1930. Daga nan ya shiga duniya, ya zauna a Faransa, sannan ya wuce Tokiyo inda ya kama aiki a ofishin wani mai zanen gini da ake kira Antonin Raymond. A Japan ya ga yadda magina ke kafa ginshiƙin itace a ɗakin baƙi ba tare da sun miƙar da shi ba, domin a wurinsu wannan karkatar ita ce adon. A 1937 maigidan nasa ya tura shi Pondicherry ta ƙasar Indiya ya kula da wani gini, a can ya fara haɗa kayan ɗaki. Da ya ga yaƙi na ƙaratowa sai ya koma gida Amurka, ya yi aure, ya buɗe ɗan shagon kafinta a birnin Seattle.

Bai gama zama ba sai ƙaddara ta faɗa masa. Ranar 7 ga Disamba 1941 Japan ta kai hari Pearl Harbor, a watan Fabrairun 1942 kuma Shugaba Roosevelt ya sa hannu a dokar da ta ba da damar kwashe mutane kimanin 120,000 masu jinin Japan a tsare su, alhali mafi yawansu haifaffun Amurka ne. Nakashima da matarsa Marion da jaririyarsu Mira suka tsinci kansu a sansanin Minidoka, cikin ƙeƙasasshen jejin jihar Idaho, a bayan waya mai ƙaya.

To a nan ne labarin ya juya. Cikin waɗanda aka tsare akwai wani kafinta mai suna Gentaro Hikogawa, wanda ya koyi sana'ar a Japan ta hanyar gargajiya. Mai digiri biyu ya sauke girman kai ya zama yaron shagonsa. Ya koyi wasa kayan aiki har su yi kaifin aska, ya koyi haɗa katako da katako ba ƙusa. Katakon kirki babu shi a sansanin, sai ragowar da magina suka zubar da kuma karkatattun itatuwan jeji. Wanda ba shi da zaɓi ba ya raina abin da ya samu, don haka dole suka riƙa duban kowane guntu su ga me zai iya zama a yadda yake.

A 1943 Raymond ya tsaya masa aka sake shi, ya koma gonarsa da ke New Hope a jihar Pennsylvania, inda ya fara da kiwon kaji. Sannu a hankali ya sami fili ya gina shagonsa. Abin da ya bambanta shi da sauran kafintoci shi ne, falankin da masu injin yanka katako ke jefarwa saboda ƙulli ko rami ko tsaga, shi ne abin nemansa, musamman na wani itace mai duhun jiki da ake kira wolnot. Yakan ajiye falanki shekara da shekaru yana dubansa kafin ya yanke shawarar abin da zai yi da shi. Idan akwai tsaga ba ya ɓoye ta. Sai ya sassaƙa ɗan katako mai siffar malam-buɗe-littafi, tsakiya siririya, gefe biyu masu faɗi, ya fafe gurbi a kan tsagar ya dasa shi, ya riƙe ta kada ta ƙara buɗewa, kuma kowa na gani. Hausawa sun ce kowa ya ga zabuwa da zanenta ya gan ta.

Kafin wani lokaci sunansa ya zagaye ƙasar. A 1973 attajirin nan Nelson Rockefeller ya ba shi aikin kayan ɗaki kusan 200 na gidansa. A 1981 ya fitar da littafinsa, The Soul of a Tree, wato ruhin itace. A ƙarshen 1986 aka kafa wani ƙaton teburinsa na zaman lafiya a wata babbar majami'a a New York, kowane gefe ya haura ƙafa 10. Gwamnatin Amurka ba ta nemi afuwar waɗanda ta tsare ba sai a 1988, ta ba duk wanda ya rage da rai dala 20,000. Nakashima ya rasu a 1990, 'yarsa Mira, jaririyar nan ta sansani, ta ci gaba da riƙe shagon.

Ni da kaina na haɗa irinsa a gida don rubutu, da falankin wani maɗaci da iskar farkon damina ta kayar, kuma a wurin aikin na gane cewa wahalarsa ba a sassaƙa take ba, a jira take. Ƙa'idar kafintoci ita ce duk inci ɗaya na kauri a ba shi kamar shekara guda yana bushewa. Nawa inci biyu ne, na jingine shi a inuwa, na sa 'yan sanduna a ƙarƙashinsa don iska ta ratsa, shekara biyu 'yan gida na yi mini dariya. Bayan nan na ɓare ɓawon, domin a ƙarƙashinsa ƙwari ke ɓuya, na daidaita sama da ƙasa, na dasa malam-buɗe-littafi biyu a kan tsagar, na bi shi da sandifefa, na shafe fuska biyun da mai don kada ya lanƙwashe. Wajen ɗaura ƙafafu na faɗaɗa ramukan noti, saboda katako na kumbura da damina ya tsuke da hunturu, in ka matse shi sai ya tsage.

Abin da ke damuna da yayin yanzu shi ne an ɗauki kamannin an bar haƙurin. Sai a sare lafiyayyen itacen da ya shekara ɗari, a yanka shi ɗanye, a cika ramukansa da narkakkiyar roba mai launi, a ɗauki hoto, bayan wata shida tebur ya murɗe a jefar. Nakashima kuwa cewa yake aikin kafinta shi ne ya ba itace rayuwa ta biyu. Don haka mai karatu, in ka yi sha'awar haɗa naka, nemi wanda iska ta kayar ko wanda masu katako suka raina, ka ba shi lokacinsa. Sannu ba ta hana zuwa.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba, inda za mu koma kan labarinmu.