Ɓarawon da Ke Zuwa Cikin Akwatin Kayan Aiki

A farkon Satumbar 2021 Hukumar Sadarwa ta Najeriya ta umarci kamfanonin waya su katse sabis a duk faɗin Jihar Zamfara, domin a toshe wa 'yan bindiga hanyar samun labari. An mayar da shi Gusau a farkon Oktoba, amma mutanen Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi suka ci gaba da jira. An yi magana sosai kan asarar 'yan kasuwa da masu POS. Abin da ba a cika ambata ba shi ne halin matashin da ke koyon rubuta manhaja: idan intanet ta gagara, ko data ta yi tsada, kayan aikinsa a filash yake karɓarsu daga hannun aboki, shi ma abokin daga wani ya kwafa. Wannan ɗabi'a tana da tarihi, kuma tarihin bai yi daɗi ba.

A 1983, shekarar da aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙauran Namoda, aka ba Ken Thompson da Dennis Ritchie lambar yabo ta Turing saboda ƙirƙirar Unix. A laccarsa, wadda aka buga a Agustan 1984, Thompson ya bayyana yadda ya taɓa gurɓata manhajar da ke fassara rubutun mai shirye-shirye zuwa harshen na'ura, wato tafintan da ke tsakanin mutum da kwamfuta. Tafintan nan yakan cusa ƙofar sirri a duk lokacin da aka ba shi manhajar shiga kwamfuta, kuma yakan dasa wannan hali a cikin kowane sabon tafinta da aka gina da shi. Ko ka karanta rubutun layi bayan layi ba za ka ga komai ba, domin cutar tana jikin kayan aikin ne.

Shekaru da dama ana kallon wannan a matsayin wasa ƙwaƙwalwa na malaman jami'a, har zuwa Satumbar 2015. Xcode, manhajar da ake gina manhajojin iPhone da ita, tana da nauyin gigabait da yawa, kuma sauke ta daga rumbun Apple a ƙasar Sin yana cin lokaci ƙwarai. Sai masu aikin suka koma ɗaukar kwafin da wani ya ajiye a rumbun Baidu, wanda ke sauka da sauri. Kwafin gurɓatacce ne. Duk manhajar da aka gina da shi ta fito da ɓoyayyen ɗan leƙen asiri, har da WeChat, kuma duka suka wuce binciken Apple. An sa wa cutar suna XcodeGhost. Sai a 2021, a shari'ar Epic Games da Apple, wasiƙun cikin gida suka nuna girman ɓarnar: manhajoji sama da 2,500, masu amfani miliyan 128. Waɗanda suka buɗe ƙofar ƙwararru ne a manyan kamfanoni; jinkirin intanet kawai ya gajiyar da su. Duk wanda ya taɓa kwana yana jiran fayil ya sauka a Zurmi ba zai yi saurin zarginsu ba.

A wannan shekara ta 2015 Microsoft ta fitar da Visual Studio Code, kuma kafin ƙarshen shekarar ta ba da damar a liƙa masa ƙananan manhajoji na ƙari: wannan ya gyara tsarin rubutu, wancan ya canza launin allo, wani ya fahimci Python. Binciken Stack Overflow na 2024 ya nuna fiye da kashi 70 cikin 100 na masu rubuta manhaja da suka amsa suna amfani da shi. Sai dai an gina shi bisa yarda. Manhajar waya takan nemi izini kafin ta taɓa kyamara ko lambobinka. Ƙarin edita kuwa da zarar ya shiga, ikonsa daidai yake da naka. Yana iya karanta kowane fayil, ya kwashe kalmomin sirri da mabuɗan shiga rumbun kamfani, ya aika su waje. Kuma yana sabunta kansa ba tare da ya tambaye ka ba.

To, me zai hana a tsaya ga kasuwar Microsoft ta hukuma? A nan labarin ya fi tayar da hankali. A 2024 wasu masu bincike uku 'yan Isra'ila, Amit Assaraf da Itay Kruk da Idan Dardikman, suka kwaikwayi wani sanannen ƙarin launi mai suna Dracula, wanda miliyoyin mutane ke amfani da shi. Suka sauya wurin haruffa biyu ya zama Darcula, suka yi rajistar adireshin intanet da wannan suna, wanda hakan ya isa a ba su alamar tantancewa. A ciki suka saka 'yan layukan da ke tattara bayanan kwamfuta su aika musu. Ƙungiyoyi da kamfanoni fiye da 100 suka faɗa tarkon. Gwaji ne, ba su cutar da kowa ba. Na shekarar da ta biyo baya ba gwaji ba ne: a Yulin 2025 kamfanin Kaspersky ya ba da rahoton wani ɗan Rasha mai amfani da editan Cursor da ya ɗauko jabun ƙari na harshen Solidity daga kasuwar Open VSX, aka kwashe masa kuɗin kirifto na kimanin dala 500,000. An kumbura adadin masu sauke jabun, kuma ya fito sama da na gaskiyar a jerin bincike.

A ganina, a nan ne abin ya shafe mu kai tsaye, har waɗanda ba su taɓa rubuta layi ɗaya ba. Matashin da aka ba kwangilar gina manhajar karɓar kuɗin makaranta, ko rajistar marasa lafiya ta wani asibiti, yana riƙe da mabuɗan wurin a kwamfutarsa. Shugaban da ya ɗauke shi aiki yakan tambayi takardunsa da farashinsa. Da wuya ya tambayi ƙari nawa ke cikin editansa, daga ina suka fito, wa ya wallafa su. Tambayoyin ba su buƙatar digiri. A rage yawansu, a duba sunan mawallafi harafi bayan harafi, a kashe sabuntawar kai tsaye a kwamfutar da ke ɗauke da mabuɗai, fayil ɗin da ya zo a filash kuma a bar shi a kwamfutar gwaji.

A farkon 2025, kusan shekara goma bayan buɗe kasuwar, Microsoft ta ƙara wani ɗan allo da ke fitowa karon farko da za ka ɗauki ƙari daga wani mawallafi, yana tambayarka ko ka amince da shi. Idan ka ce e, ƙarin ya samu duk ikon da yake samu a da.