Ladan Zaman Kotu: Daga Atina Zuwa Yaran Texas

A wannan makon za mu bi sawun wasu 'yan kuɗi da ba su taka kara sun karya ba, amma tarihinsu ya haura shekara 2,000.

A kotunanmu mun saba ganin alƙali ne ke yanke hukunci. A Amurka kuwa, kotu kan kira mutanen gari, galibi goma sha biyu, su saurari shari'a su faɗi ko wanda ake tuhuma yana da laifi. Wanda aka kira tilas ya amsa, ya bar sana'arsa, a ba shi ɗan lada a kowace rana.

Asalin wannan lada yana birnin Atina na ƙasar Girka. Fiye da shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), shugaba Pericles ya fara biyan masu zaman shari'a tsabar da ake kira obol guda biyu a rana, daga baya aka mai da su uku. Dalili shi ne, manomi ko maƙeri ba zai iya yini a kotu da yunwa ba. In babu lada, masu hannu da shuni kaɗai za su riƙa yi wa talaka hukunci.

A jihar Texas ta Amurka, ladan ya daɗe a kan dala 6 a rana, har kuɗin mota da abincin rana suka fi shi. A 2006 aka ɗaga na rana ta biyu zuwa gaba ya koma dala 40, sannan a 2023 ya zama dala 20 a ranar farko, 58 a sauran ranaku.

Dokar jihar ta kuma ba mai zaman kotu zaɓi: a takardar da zai cike, yana iya yafe ladansa ga asusun waɗanda aka zalunta, ko ga kwamitin kula da yara na gundumarsa. 'Yan kwamitin masu sa kai ne. Da kuɗin suke saya wa yaran da hukuma ta raba da iyayensu, saboda cin zarafi ko sakaci, tufafi da kayan makaranta da 'yar kyautar biki. Yaron da aka ɗauke cikin dare da rigar jikinsa kaɗai ya san amfanin dala 20.

Sai dai mu lura, abin da ya sa wannan tsari ya yi kyau shi ne zaɓi ne. Ma'aikacin da albashinsa ke tafiya ko yana kotu, yafewa ba ta rage shi da komai. Ɗan ƙwadagon da ya rasa yininsa kuwa, don shi aka ƙirƙiro ladan tun farko. Ranar da aka fara kunyata mai karɓa, an rushe abin da Pericles ya gina.

Idan mun zo rubuta labarin kyauta, kada mu manta da wanda ya miƙa hannu ya karɓi haƙƙinsa. Shi ma yana da yaran da ke jiran sa a gida.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.